Agadas: yadda babban gida ke riƙe tsofaffi, da abin da ke neman kwance shi

A ƙasar Nijar yawancin mutane suna tsufa ne a cikin gidan da suka rayu, tsakanin ƴaƴa da surukai da jikoki. Gidajen kula da tsofaffi irin na Turai ba su shiga al'adar jama'a ba, kuma masu karɓar fansho ƙalilan ne. A tsohon garin Agadas, inda zuriya uku ko huɗu kan zauna a bayan zaure guda, ana iya ganin yadda wannan tsari yake aiki, da kuma wuraren da ya fara tsagewa.

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna cewa Nijar na da mutum miliyan 17 da ɗoriya, kimanin rabinsu yara ƴan ƙasa da shekara 15. Waɗanda suka kai shekara 65 kimanin kashi 3 ne cikin 100. Ƙanƙantar wannan kaso ta sa ba a cika sa zancen tsofaffi a gaba ba idan ana tsara manufofin ƙasa. Sai dai yanzu al'ummar ƙasar ta haura miliyan 25, don haka adadin tsofaffin ma yana ƙaruwa kowace shekara. Asusun CNSS na ma'aikatan kamfanoni da asusun CARENI na ma'aikatan gwamnati suna biyan waɗanda suka yi aikin albashi ne kawai. Maƙeri, da baduku, da direban da ya ƙare ƙuruciyarsa a hanyar Dirku, da matar da ta shekara arba'in tana sayar da abinci a ƙofar gida, babu wanda ke jiran su da takardar fansho. Abin da suka dogara da shi shi ne gida.

Garin da aka gina don zaman tare

Agadas ta zama mazaunin Sarkin Abzin tun ƙarni na 15. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, tare da unguwanninsa 11, irin su Katanga, Amarewat, Amdit, Akanfaya, Obitara da Unguwar Bayi. Lungunan ba su miƙe ba, domin sun bi sawun zangunan ƙabilun Abzinawa da suka fara sauka a wurin, kowane dangi da nasa gefe. Hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, ita ce baƙo ke fara hangowa. Amma abin da ya fi yawa a garin gidajen ƙasa ne, waɗanda har yau mutane ke zaune a cikinsu.

Fasalin gidan da kansa yana taimakon mai shekaru. A waje akwai dakali, inda dattijo zai zauna duk mai wucewa ya tsaya ya gaishe shi. Daga nan sai zaure, wurin karɓar baƙi da sasanta magana. A ciki akwai tsakar gida da ɗakuna kewaye da ita, kowane magidanci da sashensa, amma madafa da randa da inuwa na kowa ne. Bangon tubali mai kauri da rufin ƙasa a kan itacen goriba suna rage zafin bazara, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, suna kuma riƙe ɗumi a daren hunturu. Masallacin unguwa, da mai tebur, da gidan ƴar'uwa duk tafiyar ƙafa ce ta ƴan mintoci. Tsohuwar da ba ta fito tsakar gida da hantsi ba, kafin azahar wani ya leƙa ɗakinta.

Wa ke yin me?

Babban gida yana tsayuwa ne a kan rabon aiki wanda ba a rubuta ba, amma kowa ya san shi. Mazan da ke da sana'a su ke kawo cefane, ko kowa ya ba da nasa, ko a haɗa a hannun babban wa. Matan aure suna karɓar girki bi da bi, wadda ke da girki ita ke fitar da kwanon tsoho da na tsohuwa kafin na kowa. Ƴanmata suna shara da wanke-wanke, samari suna ɗebo ruwa idan famfo ya ɗauke, su kai awaki, su je aike. Takardar kuɗin wuta da ta ruwa, wani lokaci mutum ɗaya ke ɗauka, wani lokaci a raba.

Kuskure ne a ɗauka cewa tsofaffi karɓa kawai suke yi. Kaka ce ke riƙe yara idan uwa ta tafi kasuwa, ko makarantar da take koyarwa, ko asibiti. Ita ke tsayawa a kan wankan jego, ita ta san wanda ya kamata a kai wa goron suna da wanda za a fara sanar wa idan an yi rasuwa. Da yawa suna ci gaba da saƙar tabarma da faifai da kaba, ko ɗinkin fata, abin da ke ba su kuɗin goro da na biki ba tare da sun roƙi kowa ba. Dattijon da ya bar maƙera saboda ido ya yi rauni yakan zauna kusa da ƴaƴansa yana gyara musu hannu a ƙirar azurfa, wadda ta fitar da sunan Agadas a duniya. Shi ake turawa neman aure, shi ake kira idan miji da mata sun saɓa.

Akwai kuma al'adar ba kaka jika. Yaro ko yarinya ya koma ɗakinta, ya kwana tare da ita, ya kawo mata buta, ya karanta mata lambar da ke kira a salula. Wasan da ke tsakanin kaka da jika, inda tsohuwa ke kiran jikanta mijinta shi kuma yana tsokanarta, yana da amfanin da ya wuce raha. Kunya takan hana ɗa ko suruka faɗa wa tsoho cewa ya manta maganinsa, ko rigarsa na buƙatar wanki. Jika yana faɗa cikin wasa, ba wanda ya ji ciwo.

Aikin da ya fi nuna haɗin kan gida shi ne yaɓe. Ginin ƙasa yana son a duba shi kafin kowace damina: a toshe tsaga, a ƙara ƙasa a rufi, a gyara indararo. A da gayya ake yi, samarin gida da na maƙwabta su kwaɓa ƙasa, magini ya ja gaba, mata su yi abinci. Hasumiyar masallaci ma haka ake sabunta mata yaɓe lokaci zuwa lokaci a ƙarƙashin kulawar fada, itatuwan da suka fito daga jikinta su ne matakalar magina.

Rashin maza a gida na tsawon watanni ba sabon abu ba ne a Abzin. Ayarin gishiri da ke zuwa Fashi da Bilma, sannan ya gangara Damargu da Kano, yakan raba magidanta da iyalansu wani babban yanki na shekara. Gidan yana jurewa ne saboda tafiyar tana da lokacin dawowa, kuma waɗanda suka rage suna da yawa.

Inda bango ya fara tsagewa

Abu na farko shi ne yadda neman abinci ya sauya. Tawayen 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikata ƴan ƙasashen waje a Arlit a watan Satumban 2010, sun kashe yawon buɗe ido, wanda ya ciyar da direbobi da jagorori da maƙera da dukawa. Daga 2014 zinariyar Jado da ta Cibarakaten ta kwashe dubban samari. Wasu sun shiga jigilar baƙin haure zuwa Libiya, har dokar 2015-36 ta haramta sana'ar, kafin a soke ta a watan Nuwamban 2023. A ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta Akuta, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da na ƙananan kamfanonin da ke yi masa kwangila. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa tukunyar wani babban gida. Wanda ke Jado ko Sabha ko Tamanrasat yana iya turo kuɗi cikin awa guda. Kuɗin na sayen shinkafa da magani. Ɗaga mahaifin da ɓarin jikinsa ya shanye zuwa bayan gida kuwa sai wanda ke nan.

Na biyu shi ne gado. A Nijar ana bin al'ada wajen rabon gado, kuma a Agadas al'adar ta ginu a kan fiƙihun Malikiyya. Idan maigida ya rasu, gida guda yana iya zama na magada goma sha, bayan zuriya biyu su zama hamsin, wasu a Yamai, wasu a Arlit, wasu a ƙasar waje. Iyalai da yawa sukan bar gidan ba a raba ba don girmama iyaye. Niyyar mai kyau ce, amma tana haifar da tambayar da ba a son yi a fili: wa zai biya gyara? Wanda ke ciki yana ganin bai kamata ya kashe kuɗinsa a kan abin da ba nasa shi kaɗai ba. Wanda ke nesa yana ganin mai zama kyauta shi ya kamata ya gyara. Idan kuma aka sayar aka raba kuɗin, wadda ta fi asara ita ce gwauruwar tsohuwa, domin rabon matar mamaci mai ƴaƴa ɗaya bisa takwas ne, kuma kishiyoyi raba shi suke yi. Takan koma wurin ɗa a wata sabuwar unguwa, nesa da ƙawayenta da duk wanda ya san ta tun tana amarya.

Na uku shi ne ruwan sama. Agadas gari ne da ruwan shekara bai cika wuce milimita 150 ba, kuma da wannan lissafi aka gina shi. A farkon Satumban 2009 ambaliyar ƙoramar Telwa ta rusa dubban gidaje a garin. Daminar 2024, wadda ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a faɗin ƙasar, ta kuma kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram, ta rusa gidaje da dama a tsohon garin Agadas. Gidan da ya tsallake yaɓen shekara biyu ko uku shi ke fara faɗuwa, kuma sau da yawa irin wannan gida shi ne wanda samari suka watse suka bar tsofaffi da mata. Wasu suna shafa siminti a kan bangon ƙasa don su huta da yaɓe. Magina sun san illar hakan: siminti yana kulle danshi a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye. Ga kuma ƙa'idojin kare tsohon garin, waɗanda ofishin CECOGAZ ke sa ido a kansu, da ke neman a riƙe fasalin gini na asali.

Na huɗu shi ne burin sababbin ma'aurata. Garin ya bazu zuwa unguwanni irin su Dagamanet da Misrata, inda ake samun fegi a yi ginin bulo, mota ta shiga har ƙofa. Amarya mai aiki ko mai karatu tana son tukunyarta da sirrinta, kuma ba laifi ba ne. Zaman babban gida yana da nasa ɗaci: sa ido, gori, rikicin yara da ke zama na manya, da ɗan'uwan da ke ci ba ya kawowa.

Nauyin da ba a ƙirgawa

Idan aka ce gida yana kula da tsoho, yawanci mace ɗaya ce ke yin aikin: suruka, ko ƴar da aurenta ya mutu ta dawo, ko jikar da aka cire daga makaranta. Muddin tsohon yana tafiya da ƙafarsa, aikin mai sauƙi ne. Yana yin nauyi ne idan hawan jini ya kai ga shanyewar jiki, ko ciwon sukari ya taɓa ƙafa, ko yanar ido ta rufe gani, ko gigin tsufa ya sa mutum fita da dare bai san hanyar dawowa ba. A nan ana maganar wanka, da juya majinyaci don kada bayansa ya yi gyambo, da wankin shimfiɗa, da farkawa sau uku a dare, wata da watanni. Mai yin wannan takan bar sana'arta, ta daina zubin adashi, ba ta kuma da bakin yin ƙorafi, don kada a ce ta gaji da iyayen miji.

Gidan da ke da daɗin zama ga mai ƙarfi yana iya zama tarko ga mai rauni. Dokin ƙofa da aka ɗaga don tare ruwa yana kayar da mai jan ƙafa. Masai na tsuguno yana gagarar mai ciwon gwiwa. Ɗaki mai ƙaramar taga duhu ne ga mai raunin ido. Lungun da mota ba ta shiga yana sa a ɗauki majinyaci a hannu har bakin hanya kafin a kai shi asibitin jiha. Karayar ƙugu a shekara saba'in da wani abu kan kwantar da mutum har ƙarshen rayuwarsa.

Akwai kuma waɗanda tsarin bai rufe su ba tun farko: wadda ba ta haihu ba, da baƙon da ya zo aiki daga kudu ya tsufa a ɗakin haya, da wanda ƴaƴansa suka riga shi. Su maƙwabta da sadakar masallaci ke riƙewa, gwargwadon hali.

Abin da Turawa suke ginawa da gangan

A Turai, inda gidan mata da miji da ƴaƴansu kaɗai ya zama ruwan dare, an shafe fiye da shekara hamsin ana neman hanyar komawa zaman tare. A ƙasar Danmak, a 1972, iyalai 27 suka tare a wata unguwa da suka tsara da kansu mai suna Sættedammen, kusa da garin Hillerød. Kowane iyali da gidansa, amma akwai babban ɗaki na kowa inda ake cin abinci tare a wasu ranaku, ana kuma karɓar girki da shara da gyara bi da bi. Daga can tsarin ya bazu zuwa Holan da Amurka da sauran wurare.

A Faransa, zafin watan Agustan 2003 ya kashe mutum kimanin 15,000, yawancinsu tsofaffi, da yawa su kaɗai a ɗaki. Abin ya girgiza ƙasar. Bayan shekaru ana fafutuka, wata mata mai suna Thérèse Clerc da abokan tafiyarta suka buɗe gidan Babayagas a Montreuil, kusa da Paris, inda tsofaffin mata ke tafiyar da gidansu da kansu, tare da ƴan ɗakuna da aka ware wa matasa. Dokar ALUR ta 2014 ta amince da gidajen da mazauna ke tsarawa tare, dokar ELAN ta 2018 kuma ta tsara yadda mai shekara 60 zai ba matashi ɗaki a gidansa da haya mai rahusa. A garin Deventer na Holan, gidan tsofaffi na Humanitas yana ba ɗalibai ɗaki kyauta, su kuma su ba da awa 30 a wata suna zama da tsofaffin.

Mutumin Agadas zai iya yin murmushi ya ce wannan ai gidan kakansa ne. Akwai gaskiya a ciki, amma akwai bambanci biyu. Na farko, a can mutum ya zaɓi maƙwabtansa ne, a nan kuwa haihuwa da aure ne suka haɗa su. Na biyu, a can komai a fili yake: wa zai yi girki ranar Talata, nawa kowa zai zuba a asusun gyara, me za a yi idan wani ya kasa. Su ma suna da iyakarsu. Maƙwabta sukan yi cefane da rakiya zuwa likita, amma idan jinya ta yi nauyi ma'aikatan da inshora ko gwamnati ke biya ne ke shigowa. A Agadas babu wannan mataki na biyu, duk abin a kan gida yake sauka.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Darasin da ya fi amfani daga waje shi ne faɗin magana a fili tun kafin ta ɓaci. Magadan da suka zaɓi barin gida ba a raba ba suna iya zama a gaban mai unguwa ko alƙali su rubuta abu uku: cewa iyaye mata za su zauna a ɗakunansu har ƙarshen rayuwarsu, da abin da kowane magaji zai riƙa bayarwa don gyara, da wanda zai riƙe kuɗin. Nijar ba baƙuwar irin wannan asusu ba ce. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun nuna cewa ƙaramin zubi na kowane mako, idan akwai akwati da shaidu, yana ɗaukar nauyi mai yawa.

Jinya ma ana iya raba ta kamar yadda ake raba girki. Wanda ke nesa ya ɗauki kuɗin magani da ɗan abin hannu ga mai jinya, waɗanda ke gari su karɓi kwana, maza su ɗauki wankan mahaifinsu da kai shi asibiti. Yarinyar da ke kwana da kaka ta ci gaba da zuwa makaranta. Gyare-gyaren da ke hana faɗuwa ba su da tsada: a sassauta dokin ƙofar ɗaki, a kafa ƙarfen riƙewa da kujera a bayan gida, a sa fitila mai aiki da hasken rana a hanyar da tsoho ke bi da dare, a dawo da shi ɗakin da ya fi kusa da tsakar gida. Ba ɗaya daga cikinsu da ke ɓata fasalin ginin tarihi.

Hukumomi ma suna da rabonsu. Duk tallafin da za a bayar don gyaran tsohon gari zai fi amfani idan aka fara da gidajen da tsofaffi ke ciki ba samari. Ma'aikatan cibiyoyin lafiya na unguwa, waɗanda suka saba shiga gida-gida don rigakafin yara, suna iya auna jinin kaka a wannan zagaye, su kuma nuna wa mai jinya yadda ake juya majinyaci. Masu unguwanni sun san tsofaffin da ba su da kowa, kuma jerin sunayensu shi ne abin da ake fara buƙata ranar da ruwa ya yi gyara.

Kowace shekara, a watan Muharram, bikin Biyanu yana dawo da ƴan Agadas gida daga Yamai da Arlit da ƙasashen maƙwabta, ɗakunan da aka kulle su sake buɗewa na ƴan kwanaki. A gidaje da yawa wannan ne kaɗai lokacin da magada ke haɗuwa ba don rasuwa ba. Zama na awa ɗaya a zaure, a duba rufi tare, a tambayi mai jinya abin da take buƙata, a tsayar da abin da kowa zai kawo, zai iya raba gardamar da in ba haka ba sai bayan bango ya faɗi za a yi ta.